Mai Sanƙo a Shagon Aski

Angona likita,

Kafin gaisuwa amsa min wannan: mene ne yana da haƙora amma ba ya ci, yana karkarwa ba sanyi yake ji ba, kuma shi yake sa wani cin abinci?

To yanzu gaisuwa. Ina fata kana lafiya. Ya karatu, ya bayin Allahn da kuke koyon allura a jikinsu? Allah ya ba su haƙuri. Mu nan kalau, ban da kakanka.

Ka san tun kwanciyarsa asibiti bakinsa ya bushe, yawu ya yi ƙaura. Loma ɗaya sai ya yi ta juya ta kamar tsumma, ya tofar. Zuciyarsa kuma bugawa take kamar an biyo shi. Sau biyu ina rage wa wandunansa ƙugu. Uwarka ta zo ta gan shi, ta ce in wata ya ƙare bai soma ci ba, za ta ɗauke shi zuwa gidanta kusa da babban asibiti. Ni kuwa gwiwata ba ta hawa benen nan nata. Shekara hamsin da ɗaya ban sha shayin safe babu mitarsa ba, yanzu za a raba mu?

Ga abin da ya ɗaure min kai. Mutumin da kansa ke ƙyalli kamar bayan cokali ya tsiri zuwa shagon aski kullum da hantsi. In ya dawo ya ce a zubo shinkafa, ya ci rabin faranti. Da yamma kuma ko burodi a shayi ba ya wucewa. Na tambaye shi, ya ce shi ma bai sani ba, in ƙyale shi.

Ranar Talata na bi shi da sandata. Na leƙa ta labule, ga shi a kujera ido rufe, yawu na zuba a ƙyallen wuya kamar jariri mai haƙori. Mai askin ya ce ai Baba ba aski ke kawo shi ba. Injin yake sa a kunna, a ɗora masa bayansa a kunci, gaban kunne, har numfashinsa ya lafa.

Na aro injin. Na ce tunda zuciya ce ke gudu, me ya kawo kunci? Na ɗora masa a ƙirji. Zuciya ba ta lafa ba, sai titi da na share masa a gashin ƙirji, ya kwana biyu ba ya min magana.

Ka bayyana min, ban da Turanci. Saura kwana goma sha ɗaya.

Kakarka, amaryar da ka manta.

*

Angona likita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan jarrabawa ta zo da sauƙi, wasiƙarka ta iso. Na karanta sau uku, na ukun da gilashin kakanka, ko nawa ne ke ƙarya.

Ka ce akwai jijiyoyin da ke aiki ba a aike su ba, wasu na firgita mutum, wasu na rarrashinsa. Ka ce wataƙila girgizar inji a fuska masu rarrashin take tasowa, su saki yawu, su ja wa zuciya birki. To ni abin da ban gane ba, shekara saba'in suna aiki a jikina ba su taɓa neman izinina ba? Kuma ta yaya mai karkarwa zai kwantar da wani? Ka ce likitoci ma bincike suke yi, na ji daɗi, ashe ba ni kaɗai ba ce a duhu. Maganinsa ba mu bari ba, kuma mun gaya wa likitansa kamar yadda ka ce. Shi ma sosa ƙeya ya yi, ya ce mu ci gaba.

Mai aski ya bar mana tsohon injinsa. Jiya uwarka ta zo da akwati fanko na kwashe kayan ubanta. Na ce ta zauna. Na riƙe masa injin a kunci, dama da hagu, sannan na ajiye faranti. Ya cinye, ya ce gishiri bai ji ba. Wata uku rabon da ya kushe girkina, har hawaye na yi. Uwarka ta tambaye ni yadda abin yake, na ce ta tambayi ɗanta. Ta koma da akwatinta yadda ta zo da shi, ta ce dai za ta dawo da ma'auni.

Ni ma na gwada a kumatuna. Maƙwabciya ta shigo ta same ni ina gyangyaɗi, bakin ɗankwalina ya jiƙe da yawu. Kar ka gaya wa kowa.

Ka cika shafi uku da jijiyoyi, kacici-kacicina ko kallo ba ka yi masa ba. Haka za ka riƙa duba marasa lafiya? Kakanka yana gaishe ka, baki cike.

Kakarka mai sonka.

Amsar, injin aski ne.