Tafsirin Ya Isa Taba

Ikara, daren Laraba, cikin Azumi

Alhamdu lillahi, yau tafsirin bai yanke ba. Kullum da an sallame La'asar, masu sauraro ta waya kan yi wa na'ura guda da ke watsa tafsirin nawa rubdugu, sai muryata ta ɗauke. Yaya Habi, wadda ciwon ƙafa ya zaunar a garin Taba, ba ta taɓa jin ƙarshensa ba.

Surukina Sabi'u ya ƙaro na'ura biyu, da wata mai raba jama'a tsakaninsu. Na tambaye shi ko tana fifita wani. Ya ce, "A'a, Baba, inda babu cunkoso take tura kowa." Hankalina ya kwanta.

Bayan shan ruwa Yaya ta kira: "Malam, na ji har addu'a. Ashe haka kake tsawaitawa?"