A Goge Sunan Karimatu

Barking, London
14 Yuli, 1989

Ƙanina Almu,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna? Muna lafiya, barci ne kawai ya yi mini wuya.

Ka tuna ina hedimasta na bar sunan ɗalibata marigayiya Karimatu a rajista, don ɗalibai su cika ɗari, kada a haɗe makarantar ƙauyenmu da ta gari. Jiya aka yi gasar tsere a makarantar 'yata Hannatu. Ta dawo ta ce wata yarinya ta yi gudu gefenta, ta ce mata da Hausa, "Gaya wa Malam na gaji da amsa suna."

Hannatu ba ta san zancen ba. Don Allah ka sa a goge sunan, ko da za a haɗe makarantar. A yi wa Karimatu addu'a.

Yayanka,
Mijinyawa