An Ɗora wa Surukata Laifin Maganin da Ni Na Saya

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu, Allah shi bar zumunci. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kafin kowa ya zage ni ya daure ya kai ƙarshe.

Wata rana da hantsi na ɗauko ɗiyata in canza mata ƙunzugu, sai na tarar da shi a bushe ƙayau, yadda na ɗaura shi tun jiya. Yarinyar da ke jiƙa zane a jere, yau ko ɗigo? Ga fuskarta ta ɗan kumbura, ta ƙi kama nono. Amma ban ce uffan ba, don ita ce 'yar farina, kuma kun san yadda abin yake a wajenmu. Ni 'yar Wurno ce, anka kai ni aure wajen Giyawa, gidan da kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa gaban mutane, in ta yi kuka sai in kau da kai kamar ba ni na haife ta ba. Wuni take a bayan Inna, mahaifiyar maigidana, sai shan nono ake miƙo mani ita.

Wannan kunyar ce ta kai ni ga abin da na yi. Da ta fara haƙori, ga zawo ga zazzaɓi, Inna ta riƙa ba ta jiƙon sassaƙe irin wanda ta raini 'ya'yanta da shi. Ni kuwa da na gama sakandare sai nake ganin na fi su sani. Amma ta yaya zan buɗe baki in ce hankalina ya tashi kan ɗiyata? Ai sai a yi kwana goma ana yi mani dariya a gidan. Ranar da munka je biki Goronyo sai na zame na shiga wani kemis, na ce maganin haƙorin yara nake so, wai na ɗiyar maƙwabciyata. Mai kemis ɗin ya miƙo mani wani na ruwa, mai zaƙi, da hoton jariri yana dariya a jiki. In an kawo ta shan nono sai in saki labule in ɗura mata, in mayar da kwalbar cikin kwallar jerena.

Sai bayan azahar Inna ta lura da kanta. “Ke, wagga ɗiya ta yi hitsari yau kuwa?” Na ce ban sani ba. Ban sani ba fa na ce! Anka kira maigidana daga fadamar albasa, munka hau mashin sai asibitin Goronyo, su kuma sunka ce mu wuce Sakkwato kar mu tsaya. Can likita ya ce ƙodarta ce ta tsaya, akwai guba a jikinta. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, “Mi kunka ba ta?” Wallahi maganar ta zo mani har maƙogwaro. Kafin in furta Inna ta ce, “Ni ab ba ta jiƙo, likita.” Maigidana, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga wa uwarsa murya ba, ya ce, “Inna, sau nawa nic ce maki a bar ba ta abubuwan ga?” Tsohuwar nan ta sunkuyar da kai. Ni kuma ina tsaye, na bar laifin a kanta. Wace irin mace ce ni?

Anka fara yi wa ɗiyata wankin ƙoda. Kusa da gadonmu akwai wata mata daga Rabah, ɗanta shi ma haka, fitsari ya tsaya ana cikin haƙori. Muna zaune ta ce mani, “Ƙanwata, ni fa ina zargin wani maganin haƙori da mijina ya sawo kasuwa, mai hoton jariri.” Ƙanen mijinta lauya ne, ya zo dubiya, ya tara iyayen da ke wurin a baranda yana yi musu bayani. Ya ce abu na farko a kai rahoto ga hukumar da ke kula da magunguna, ta gwada maganin, ta kwashe shi daga shaguna. Bayan nan iyaye na da ikon kai ƙarar kamfanin da ya yi shi da wanda ya sayar, a biya kuɗin asibiti da diyyar cutarwa, kuma in gidaje sunka haɗu ƙarar ta fi ƙarfi. Ya ce a adana duk takardun asibiti. Amma babbar matsalarsu, matar ta jefa tata kwalbar a masai tun da ta ƙare, kuma ba tare da kwalba mai sauran magani da lambar da ke jikinta ba, kamfanin zai ce ba nasa ba ne. Ya juyo wajenmu: “Ku fa, ba ku ba ta irinsa ba?” Maigidana ya ce, “Mu namu na gida na, jiƙon tsohuwa.” Lauyan ya dube ni. Na girgiza kai. Ga kwalba can cikin ɗakina, ko rabi ba ta yi ba.

Tun ranar ba ni da sukuni. Maganin nan yana nan a shaguna ana sayarwa, wata uwar ma yanzu haka tana ɗura wa nata. In wani yaro ya mutu, ba da hannuna a ciki ba? Kuma labari ya riga ya kai gida, Inna kuwa tana zuwa asibiti tana komawa. Matan gidan sun daina ba Inna goyon 'ya'yansu, har wata ta ce a gaban mutane, “A riƙa ɓoye yara, bokanya ta dawo.” Inna fa, matar da ta yi mani wankan jego da hannunta, wadda ko sau ɗaya ba ta taɓa ɓata mani rai ba. To in na fito da kwalbar fa? Maigidana zai san na bar shi ya yi wa uwarsa tsawa a gaban baƙi kan laifina. Zai iya zama da ni bayan haka? Iyayena su sa fuskarsu ina? Sannan ina tsoron hukuma. Ni na ba ta da hannuna, na yi wa mai kemis ƙarya, na yi wa likita shiru. Masu ilimin shari'a ku gaya mani tsakani da Allah, ni ma za a kama ni? Akwai hanyar da zan miƙa kwalbar ba tare da an ambaci sunana a kotu ba, ko dole sai na tsaya shaida?

Ɗazu da rana likita ya kira mu. Ya ce gwaji ya yi kyau, ƙodar ta farfaɗo, ba sai an ƙara wanki ba, ɗiyata ta tsallake. Maigidana ya yi sujada nan ƙasa. Ni na manta da wata kunya, na rungume ta ina kuka gaban kowa. Sai na ji an kama mani ƙafa. Inna ce, durƙushe, da furfurarta. Ta ce, “Ɗiyata, ki yahe mani don Allah. Na kusa kashe maki ita. Na rantse ba ni ƙara ɗaukar jikata har in mutu.”

Na ce mata ba komai, Inna. Ni na ce mata ba komai.

Jibi za a sallame mu, lauyan kuma ya ce zai leƙo kafin mu tafi. Don Allah 'yan'uwa, mi zan yi?