Amalanken da ake kira da sunana

Assalamu alaikum jama'ar wannan guruf mai albarka. Admin, don girman Allah a sakaya sunana, domin a Kankia ko akuyar bakin kasuwa ta san ni. Don Allah ku ba ni shawara. Ni dattijo ne, na haura saba'in, da yatsa ɗaya nake danna wannan rubutu, in ya yi tsawo ku yi haƙuri, abin da na daɗe ina haɗiyewa ne yau ya ƙi haɗiyuwa.

Lokacin da aka canza kuɗi daga fam da sule aka koma naira da kwabo, ina saurayi, na dawo gida daga Kaduna da satifiket ɗin kwas na walda, da wando mai faɗin ƙafa, da biro biyu a aljihun gaba. Kuɗin mai ya shigo ƙasa, manoma suna ta sayen shanun huɗa, kowa kuma yana son amalanke na kai taki gona da kwaso dami in kaka ta yi. Sai na kafa rumfar walda a bakin titi. Mutane suka fara ce mini Injiniya, tun ina murmushi ina cewa a'a, har na kai ina jin haushin duk wanda ya kira ni da sunana na yanka.

Amalanken farko daga littafin da muka yi karatu da shi na kwafe shi, ban ƙara komai ba, ban rage ba. Faffaɗa ne, kai ka ce bodin ƙaramar mota, karkiyar da ake ɗora wa shanu a wuya kuma da bututun ƙarfe na yi ta, na shafe ta da koren fenti tana ƙyalli. Na sayar da kaɗan a Dudunni da Bauranya, ba a yi wata biyu ba ƙorafi ya fara zuwa. Wai ba ya shiga burtali, wannan 'yar hanyar shanu da ke ratsa tsakanin gonaki, dole taya ɗaya ta hau gonar wani ta tattake masa wake, har rigima ta kai gaban mai unguwa. Wai kuma ƙarfen yana ɗaukar zafin rana, yana goge wuyan sa a gaban tozo har ya yi gyambo, ƙuda su yi ta bi. Ni kuwa amsata ɗaya ce, ba su iya aiki da kayan zamani ba ne. Wallahi ko sau ɗaya ban hau keke na je na ga burtalin da idona ba.

Wata ranar kasuwa sai ga wani manomi daga Dudunni, bari in kira shi Malam Ɗanjuma, ba sunansa ba ne. Ya girme ni da kamar shekara goma, sansa na cikin waɗanda karkiyata ta ji wa ciwo. Na ɗauka faɗa ya kawo shi, ashe wani abu ya ƙunso a tsumma. Ya kwance, sai ga ɗan amalanke na kara da totuwa, irin yadda yara ke haɗa mota, amma an yi shi da natsuwa. Ya ciro igiya mai ƙulli biyu, ya ce ya bi burtalinsu ya auna inda ya fi matsewa, daga ƙullin nan zuwa wancan, kada faɗin ya wuce haka. Ya nuna mini karkiyar, ya ce a sassaƙa ta da icce, a lanƙwasa inda za ta kwanta a gaban tozo. Ya rage wa bodin tsawo daga ƙasa, ya ce don mutum ɗaya ya iya cilla dami ba sai an kama masa ba.

A kan bencina a lokacin malamin gona na zaune, wanda nake ta lallaɓawa ya riƙa turo mini manoma. Kunya ta kama ni a ce mutumin ƙauye, da faso a ƙafa, yana koya mini aikina a gabansa. Sai na tuntsire da dariya, na tambaye shi a wace makaranta ya yi karatun injiniya, na ce in kayan wasa ya kawo ya kai wa 'ya'yansa. 'Yan rumfa suka taya ni dariya. Ya buɗe baki ya ce, "Injiniya, saura guda ban hwaɗa maka ba," na katse shi, na ce ina da aiki. Bai yi fushi ba, ya ajiye abin a kan benci tare da igiyar, ya ce a tashi lafiya, ya tafi.

Da aka watse na naɗe abin na kai gida. Washegari na sa tef na auna, na zana a takarda, na ga babu inda mutumin nan ya kuskure. Akwai wani ɗan sille mai baki biyu da yake reto a ƙarƙashin sandar gaba, an ɗaure shi da zare, na ɗauka wani wuri ne ya karye a hanya, na tsinke shi na yar. Sauran kuwa na ƙera shi yadda yake, ƙulli zuwa ƙulli. Jama'a, kafin kaka biyu babu ƙauyen da amalanken nan bai shiga ba, daga Kunduru har Kusada, in manomi ya zo saye cewa yake a ba shi amalanken Injiniya. Da shi na yi aure, da shi na gina gida, da shi na sauke farali. Ranar da malamin gona ya tambaye ni yadda aka yi na gano gyaran, sai na ji bakina yana cewa ai ƙauyuka na zaga, na zauna da manoma na saurare su. Ƙaryar ta yi daɗin faɗa, na ci gaba da faɗarta har na fara ganin kaina a zaune a gindin bishiyar da ban taɓa zama ba.

Malam Ɗanjuma bai taɓa tayar da maganar ba. In mun haɗu a kasuwa shi ke fara gaishe ni, ya tambayi iyali, ni kuwa in na hango shi daga nesa sai in shige layin 'yan hatsi kamar ina taya gero. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, haka muka yi shekara kusan hamsin. Ɗan amalanken karan yana nan a ƙasan akwatina na ƙarfe, ya bushe ya yi baƙi, ban iya yar da shi ba, ban kuma iya kallonsa ba.

Abin da ya taso da maganar yanzu shi ne babban ɗana. Shi ya gaji rumfar, ya yi karatun dizayin na gaske, ya mayar da ita kamfani, da ma'aikata, da fej a intanet, hotona ne ma a jikin allon ƙofa. Yaron nan yana ji da ni fiye da yadda na cancanta. Duk wanda ya ɗauka aiki sai ya zaunar da shi ya ba shi labarina, ya ce Baba bai ƙera komai ba sai da ya je ya ga hanyar da kayan za su bi da dabbar da za ta ja, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka a kamfaninsa ba a zana komai sai an je an tambayi kwastoma. Kuma da gaske haka suke yi, shi ya sa kayansu ke tafiya. Ku duba, a kan ƙaryata ya gina gaskiyarsa. Yanzu an gayyace shi wani taron matasa masu sana'a a Katsina, Asabar ta sama, ya ce ni zan hau dandamali in ba da labarin da bakina, za a ɗauki bidiyo, har sabuwar shadda ya ɗinka mini.

Na kasa sukuni, na faɗa wa maiɗakina komai. Ta ce ita tun tana amarya ta ga abin a akwati, ta kuma san hannuna bai iya aikin kara ba. Amma ra'ayinta in yi shiru. Ta ce yaro ya kafa sana'arsa a kan sunana, in na tona a gaban jama'a abokan hamayyarsa za su samu abin faɗa, shi kuma zai ji kamar an zare masa tabarma yana zaune. Ta ce in je in nemi gafarar mutumin a ɓoye, in rufa wa kaina asiri tunda Allah ya rufa mini. Muka ɗan yi sa-in-sa, na ce mata da sauƙi a bakinta, ta ce ai ba ita ta yi dariyar ba.

Ranar Talatar da ta wuce na sa aka kai ni Dudunni da hantsi. Na same shi a zaure a kan buzu, ya tsufa ƙwarai, idon ya tafi, amma ina yin sallama ya ce, "Injiniya ne? Marhaba, zamna." Babu gatse a muryarsa ko kaɗan, wannan ya fi zagi ciwo. Aka kawo fura, na riƙe ludayi, duk jawabin da na shirya a mota ya gudu, sai zancen damina nake yi. Shi ne ya ce yana jin labari yarona ya riƙe sana'a da kyau, Allah ya yi albarka. Sannan ya yi 'yar dariya ya ce, "Ranan nan ba ka bari na ida magana ba. Wanga ɗan sille da na ɗaure ƙarƙashi, gwafa ce. In an tsaya lodi sai a sauke ta ta tokare ƙasa, nauyi ya sauka daga wuyan shanu su huta. Ka hwaɗa ma yaron ya sa ta, dabbobin ga ba su da bakin magana."

Jama'a, shekara hamsin ina ganin manoma suna yawo da gwafar icce a cikin amalankena, suna tokare shi da ita in za su yi lodi, wani lokaci ta zame kaya su danne shanun. Na ɗauka ɗabi'arsu ce ta mutanen ƙauye, ban taɓa tambaya ba. Ashe abin da na tsinke na yar ne kowa yake sarowa a daji da hannunsa. Na zauna a zauren nan hawaye na zuba a cikin furar mutane, shi bai gani ba, kuma har na yi sallama na fito kalmar yafe mini ba ta fita daga bakina ba. Ban taɓa jin na raina kaina irin na ranar ba.

To ga inda nake. In hau taron nan in faɗi gaskiya, in kira sunan Malam Ɗanjuma a gaban kowa, ko da ɗana zai ji kunya a gaban ma'aikatansa? Ko in kira yaron a ɗaki in buɗe masa akwatin, in bar masa zaɓi, alhali na san daga ranar ba zai ƙara kallona da idon da yake kallona ba? Ko in bi maganar maiɗakina, in koma Dudunni in roƙi gafara a ɓoye, labari ya ci gaba da tafiya yadda yake? Wanda zai zage ni a komen ya zaga, na ci zagin, amma ya haɗa da shawara, domin mutumin nan jikinsa ya yi rauni, ban san kwana nawa suka rage mana ni da shi ba.

Kuma ko me na zaɓa, saƙon gwafar nan dole in isar, amana ce. Na san ɗana, zai yi tsalle ya ce Baba har yanzu kanka na ja, yaya aka yi ka gano wannan? Ni kuma na san bakina, ya taɓa amsa irin wannan tambayar sau ɗaya. Don Allah me zan ce masa?