Hoton Auta Yana Ɗingishi

Litinin, 3 ga Maris

Littafin nan na saye shi ne don rubuta awon hawan jini, kamar yadda likita ya ce. Yau 140 bisa 90. Sauran shafin fili ne, bari in cike shi.

Auta ta fito cin abinci ido ja. Mamansu ta tambaye ta, ta ce hotonta ne yake tsinkewa. Wata takwas ke nan tun da ta gama karatu take zama a ɗaki da yamma tana tseren mota a kwamfuta, mutane suna kallonta kai tsaye ta intanet. Wai mutum ɗari uku, wani lokaci ɗari huɗu. Ban taɓa gane abin da suke kallo ba, kuma na sha gaya mata. Yanzu wasu masu shirya gasa sun ce za su gwada ta ranar Asabar, 15 ga wata. In shirin ya tafi lafiya, ita za ta riƙa gabatar musu da gasar duk mako. In ya tsinke, akwai wasu a layi.

Na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da cin abincina. Amma shekara talatin da huɗu ina gyaran rediyo da talabijin kafin in rufe shago. Kalmar “tsinkewa” ta tsaya mini a rai.

Talata, 4 ga Maris

Na ɗumama shayina ƙarfe biyar kamar kullum, na tsaya a ƙofarta da kofi a hannu. Ta cire abin kunnenta ta ce, “Baba, wallahi duk sanda ka zo sai ya lalace. Idonka ne.” Na ce idona ya gyara talabijin dubu kafin a haife ki.

Ta nuna mini. A allonta motar tana gudu sumul. A wayarta, inda ake ganin abin da masu kallo suke gani, motar sai ta daskare, ta yi tsalle, ta sake daskarewa. Abu ɗaya, fuska biyu. Me ya sa?

Alhamis, 6 ga Maris

Da safe, tana wanki, na ce ta buɗe mini manhajar da take watsa shirin da ita. Ta dube ni tukuna, sannan ta goge hannu.

Ga abin da na fahimta. Kwamfutar tana zana hoto sittin a sakan ɗaya. Sai ta matse su su ƙanƙance, sannan ta tura su ta intanet. Manhajar tana da lamba uku: hotunan da ba a gama zanawa ba, waɗanda ba a gama matsewa ba, da waɗanda suka zube a hanya. Na ce mata to ai wannan gidan rediyo ne: ɗakin shiri, injin watsawa, da eriya. Ta ce, “Baba, ba eriya a nan.” Akwai. Ba ta ganinta ne kawai.

Duka ukun suna hawa, amma ba tare ba. Wannan ya fi komai ba ni sha'awa. Ciwo biyu ne, ko uku, suke fitowa da alama ɗaya.

Na ɗora tafin hannu a bayan akwatin kwamfutar bayan ta yi wasa na minti ashirin. Zafi kamar dutsen guga.

Juma'a, 7 ga Maris

Na sauko da jakar kayan aikina daga saman kabad. Tsohon sukurdirebana mai jan hannu yana nan. Auta ta tsaya a kaina tana cewa, “A hankali, Baba, don Allah a hankali,” kamar tiyata zan yi wa ɗanta.

Fankar ciki ta toshe da dauɗa har ta zama kamar ɗan bargo. Man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar injin da ƙarfen sanyaya ta ya bushe ya farfashe. Inji in ya ji zafi rage gudu yake yi don kada ya ƙone, ba sabon abu ba ne. Na share, na sa sabon mai, na ɗaga akwatin daga kan kafet. Ita kuma ta rage wa wasan wasu ƙyale-ƙyale, inuwa da hayaƙin taya, don injin ya samu sarari.

Lamba biyu na farko sun koma sifili. Na gaya wa Mamansu an gama. Wataƙila na faɗa da ƙarfi fiye da kima.

Lahadi, 9 ga Maris

Ba a gama ba.

Ƙarfe biyar da 'yan mintuna, lamba ta uku ta haura dubu biyu. Na iso ƙofarta na tarar tana ba masu kallo haƙuri. Mutum sittin suka fice. Bayan ta rufe ta ce, “Baba, ka bari kawai. Na gode, amma ka bari.” Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Jini 150 bisa 95.

Litinin, 10 ga Maris

Mun kira kamfanin intanet. Suka ce layinsu lafiya lau. Kowa layinsa lafiya lau.

Talata, 11 ga Maris

Ban bari ba. Na roƙe ta kujera a lungun da kyamara ba ta kamawa, na zauna da agogo da biro tun huɗu da rabi har shida, ina rubuta lambar duk minti biyar. Ko shayi ban tashi na sha ba.

Sifili. Daga farko har ƙarshe, sifili!

Ta ce, “To yanzu idon naka ya koma magani ke nan?” Muka yi dariya, amma ni abin ya dame ni. Ciwon da ke ɓuya in likita ya zo shi ne mugu. Me ya bambanta yau da Lahadi?

Wani abu kuma. Ban san tana magana haka ba. Tana tuƙi, tana karanta saƙonni, tana amsa wa kowa da sunansa, tana bayanin inda za ta taka birki tun kafin kwanar ta bayyana. Wani ya rubuto cewa daga gadon asibiti yake kallo, ta tambaye shi ya ƙafar. Ashe ta san da ƙafar.

Laraba, 12 ga Maris

Na kama shi.

Ina zaune a lungun nan, ƙarfe biyar da minti huɗu, lambar ta fara gudu. Ɗari, ɗari biyar, dubu. Na kasa kunne. Daga kicin ina jin wani gurnani da na sani. Sai ƙararrawa ta yi ƙil, lambar ta tsaya cak. Can sai ga Mamansu da kofi: “Jiya ba ka sha ba, na ce bari in ɗumama maka.”

Na'urar ɗumama abinci. Akwatin intanet yana falo, ɗakin Auta yana can ƙarshe, kicin yana tsakiya. Saƙon yana bi ta iska, kuma zangonsa ɗaya da na na'urar. In murfinta yana rufuwa da kyau, abin da ke fita kaɗan ne. Namu kuwa maƙallinsa ya karye shekara shida da suka wuce. Mamansu ta ce a sayi sabuwa, na ce ina raye? Na ɗaure shi da waya.

Wato kullum ni nake yanke mata shiri na minti biyu, sannan in zo ƙofa da kofi ina kallonta tana fama, ina cewa a raina ga irinta nan.

Ban gaya musu ba. Na shanye shayin, bai yi daɗi ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Na yi niyyar in ja mata kebul daga akwatin intanet zuwa ɗakinta shiru, in ce dama iska ba abin dogaro ba ce. Gaskiya ce ai, rabinta.

Na sayo mita ashirin da kawunan haɗi biyu. Zare takwas ne a ciki, kowanne da launinsa da gurbinsa. Idona ya kasa raba ruwan ƙasa da ruwan lemo, sai da Auta ta riƙe mini tocila tana kiran launukan. Muna durƙushe a gindin bango ina buga ƙusoshin riƙe kebul, na ce mata ta kunna gwaji, ta je kicin ta ɗumama ruwa. Ta je, ta dawo, ta dubi lambar, ta dube ni.

“Shayinka?”

Na ce shayina. Da gyarana.

Ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har da hawaye. “Ai na ce maka kai ne!” Na ce kin ce ido, ba ki ce shayi ba, a aikin gyara wannan babban bambanci ne. Daga baya na ce ta yi haƙuri. Ta ce ba komai, tana wasa da guntun kebul. Na ce ba na shayin kaɗai ba. Sai ta miƙo mini ƙusa.

Da muka haɗa kebul ɗin, mun ɗumama ruwa sau uku, lambar ko motsi. Na'urar dai na cire ta daga wuta. Murfin da ke yoyo ba abin ajiyewa a kicin ba ne, na san haka tun da daɗewa.

Asabar, 15 ga Maris

Gwajin ya ɗauki awa biyu da minti goma. Hoto goma sha ɗaya kacal suka zube, ban san dalilinsu ba, zan bincika. Mutum dubu da ɗari biyu suka kalla. Mamansu ta zauna a falo da waya a hannu, ta hana kowa ko tari.

Masu gasar sun ce za su kira ta Litinin.

Litinin, 17 ga Maris

Sun kira. Ta samu.

Laraba, 19 ga Maris

Jini 135 bisa 85.

Na buɗe asusu a shafin da take watsawa. Don aiki ne, dole mai gyara ya ga abin da masu kallo suke gani. Na sa suna Tsohon Injiniya, ba wanda zai gane.

Yau wani ya rubuta cewa ta yi latti da birki a kwana ta uku, ba ta iya ba. Ba latti ta yi ba. Da gangan take shiga a makare don ta fito da gudu a miƙaƙƙiyar hanyar da ke gaba, duk mai lura ya san haka. Na rubuta masa, layi huɗu, da waƙafi da aya.

Auta ta karanta a fili. Sai ta ce, “Tsohon Injiniya, na gode. A gaida Mama.”

Gobe tseren kan dutse ne, ƙarfe huɗu da rabi. Na ce wa mai aski sai dai da safe.