Muryar Mama a Faifan Tasha

Ranar Talata

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar nan taki, har yanzu tana kumbura in kin daɗe a tsaye a asibiti? Ƙaramar fa, haƙoran sun gama fitowa? Mu nan lafiya lau. Baba ma da sauƙi, sai dai idon. Yanzu ko ni ba ya gane ni sai na yi magana.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da kike cewa da waya a hannu aka haife ni. Kin kira ni sau shida tun Alhamis ban ɗauka ba. Na turo miki saƙo cewa aiki ne ya yi mini yawa. Ƙarya na yi. Na gwada faɗa da baki na kasa, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin san shirin Mama na amsa wasiƙun masu sauraro, wanda ta yi shekara ashirin da biyu tana gabatarwa, duk yana cikin sabarmu ta gidan rediyo, wato babbar kwamfutar da muke ajiye shirye-shirye. Shekara huɗu da suka wuce aka kwashe tsofaffin kaset-kaset aka mayar da su cikin kwamfuta, sannan aka zubar da kaset ɗin saboda sun yi fumfuna. Akwai na'ura ta biyu da ke riƙe da kwafi, amma ta mutu wata biyar baya. Tun lokacin nake rubuta wa Darakta takarda, sai makon jiya aka kawo sababbin faifai huɗu. Da na ga kwalin, har rawa na taka a ɗakin sabar, ni kaɗai cikin sanyin nan. Na ce yau zan yi wa komai kwafi na biyu, in kuma cire wa Baba nasa.

Aikin ba mai wuya ba ne, na yi irinsa ya fi sau talatin. Ana haɗa sababbin faifan su zama wuri guda, a yanki kaso daga ciki a sa masa suna, shi muke kira rumbu. Sai a yi masa fomatin, wato a share shi tas a shimfiɗa masa tsarin da zai karɓi fayil. Daga nan a jona shi da sabar, ya fito kamar kowace jakar ajiya. Tsohon rumbun da ke ɗauke da duk shirye-shiryen tasha sunansa tarihi. Sabon na sa masa tarihi2. Yaya, ni na zaɓi sunan nan da hannuna.

Da safiyar Alhamis na cire tsohon daga jonuwa don in duba lafiyarsa kafin in fara kwafa. Da yana jone, da na'urar ta ƙi yarda a taɓa shi. Na yi wa sabon fomatin na gwaji, tsarin bai yi mini ba, na ce bari in sake. Ina cikin rubuta umarnin sai mai karanta labarai ya leƙo, wai kwamfutar situdiyo ta tsaya, saura minti goma labaran rana. Na ruga na gyara masa. Da na dawo na ƙarasa rubutun, na rubuta tarihi, ban sa biyun ba.

Na'urar ta gargaɗe ni, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta rubuta cewa akwai abu a cikin rumbun nan, in ci gaba? Na ɗauka gwajin da na yi ɗazu take nufi. Na ce eh. Ko daƙiƙa ashirin bai ɗauka ba.

Ban tsaya nan ba. Na jona shi, na gan shi fayau babu komai, na ji daɗi. Na zuba masa manyan fayilolin gwaji don in ga saurinsa, na bar shi yana rubutu, na tafi cin abincin rana. Awa ɗaya da rabi yana rubuta shirme a kan muryoyin mutane, ni ina kantin ƙasa ina dariya da abokan aiki.

Da na dawo na je jona tsohon don in fara kwafa, sai na'urar ta ce ai yana jone. Na duba sau uku. Na tuna na zauna a ƙasa, tsakanin akwatin sabar da bango, fankokin suna ta ƙara. Ban yi kuka ba a lokacin.

Abin da ya fi cin raina ba shi ne wannan ba. Tun rasuwar Mama, sau biyar Baba yana roƙona in kawo masa shirinta ya riƙa saurare, tunda hotunanta ba su da amfani a wurinsa yanzu. Kullum in ce mako mai zuwa, wai sai Darakta ya sa hannu. Babu wani sa hannu. Aikin minti ashirin ne. Tsoron buɗe jakar shirinta nake yi, don na san in na ji muryarta a ofis ba zan iya ƙarasa wunin ba. Shekara biyu ina kare kaina, ga inda na kai mu.

Ranar Laraba na riga na ce masa ƙarshen mako zan kawo. Har ya sa na goge masa ƙaramar sifikar nan ta falo.

Don Allah kada ki gaya masa tukuna. Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan yaran.

Ƙanwarki,
Auta

*

Ranar Lahadi

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya, kuma zazzaɓin babban ya sauka. Ki riƙa ba shi ruwa da yawa, ko da yake wa nake koya wa jinya?

Na ga amsarki. Na karanta wurin da kika ce kin yi kwana biyu ba kya son jin sunana, kuma ban ga laifinki ba. Gara da kika faɗa. Da kin ce ba komai, da na san ba ke kika rubuta ba.

Kin tambaya ko babu yadda za a dawo da su. Mun kira wani ƙwararre mai ceto bayanai. Mutum ne marar yawan magana. Da na gama yi masa bayani sai ya tambaya, "Bayan fomatin ɗin, kin rubuta wani abu a kai?" Na ce eh. Ya cire tabarau ya goge, ya jona na'urarsa. Kwana tara na'urarsa tana lalube. Jerin sunaye da ranaku duk sun tafi. Abin da ya tsamo guntaye ne dubu goma sha ɗaya da 'yan kai, babu suna, lambobi kawai. Wani minti biyu, wani daƙiƙa goma, wani ya fara da labarai ya ƙare da kiɗa. Ya ce bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke ciki ba. Babu yadda za a san na waye sai an saurara ɗaya bayan ɗaya.

An kira ni gaban kwamiti. Darakta ya so a rubuta cewa faifan ne ya lalace, don kada maganar jinkirin sayen na'ura ta taso. Na ce a'a, ni na goge. An ba ni takardar gargaɗi, ba a kore ni ba. Wallahi da korar ta fi mini sauƙi, don ba mu kaɗai na yi wa asara ba. Akwai matar wani mai wasan kwaikwayo da ya rasu, takan zo duk shekara a kunna mata shirin mijinta. Jiya ta zo. Ni na fito na gaya mata. Ta dube ni ta ce, "Ke ba 'yar mai amsa wasiƙu ba ce?" Na ce ni ce. Ta riƙe hannuna ta ce Allah ya ba mu haƙuri, ta juya. Ban san inda zan sa kaina ba.

Kin tuna Kawu Mai Sauti, wanda yake ɗaukar shirin Mama, mai ba mu alewa in mun je situdiyo? Ya yi ritaya, amma da ya ji labari sai ga shi da tsohon abin sauraronsa na sawa a kunne a jaka. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Ke ki ɗauki masu lambar mara, ni in ɗauki masu cika. Ko tari uwarki ta yi zan gane ta." Kullum muna zaune daga tara zuwa huɗu. Mun wuce dubu uku. Mun sami sanarwar ɓatan akuya har sau goma sha ɗaya, Kawu ya ce da alama akuya ɗaya ce take ta ɓata. Na yi dariya, sai dariyar ta juye kuka. Ba mu sami muryar Mama ba tukuna.

A gida kuwa, Baba ya tambaya sau ɗaya. Na ce na'ura ce ta sami matsala. Ya ce to, Allah ya sa a gyara. Sifikar tana nan kan tebur kusa da kujerarsa, kullum sai ya lalube ta ya gyara mata zama. Na daina cin abinci a falo.

Kin ce in ban gaya masa ba ke za ki gaya masa. Ki ba ni mako biyu. Ina so in je masa da wani abu a hannu, ko yaya yake.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Auta

*

Ranar Asabar

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, aiki da sauƙi. Na gode da kiran da kika yi shekaranjiya, ko da ba mu ce komai ba sai kuka. Na ji daɗinsa.

Mun gama sauraron duka. A cikin shekara ashirin da biyu, abin da ya rage na Mama guntu ɗaya ne, daƙiƙa hamsin da uku. Kawu ne ya same shi ranar Talata. Na ga ya cire abin kunnensa a hankali ya miƙo mini, ya tashi ya fita waje.

Ba ma cikin shirin ba ne, kafin a fara ne. Faɗa take yi wa Kawu. Tana cewa, "Wannan kujerar mako nawa ina ce maka tana ƙara? Sai na faɗi a gaban duniya za ka gyara? Kuma wa ya sha mini ruwan da na ajiye?" Ana jin Kawu daga nesa yana rantsuwa ba shi ba ne. Ta yi tsaki, ta yi gyaran murya, sai muryar ta koma mai laushin nan ta rediyo: "Masu sauraronmu, barkanmu da warhaka. Wasiƙarmu ta farko a yau ta fito ne daga..." Nan ya yanke.

Jiya da hantsi na durƙusa gaban Baba na gaya masa komai, har da ƙaryar sa hannun Darakta. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, "Duka?" Na ce duka, sai guntu ɗaya. Ya ce, "Sau biyar na tambaye ki, Auta." Bai ɗaga murya ba. Ashe yana ƙirgawa.

Na kunna masa. Da ta fara faɗan kujera sai na ga kafaɗarsa tana motsi, na ɗauka kuka ne, ashe dariya yake, hawaye na zuba. Ya ce, "Waccan mai laushin ta mutanen gari ce. Wannan mai tsakin ita ce tawa." Da ya kai inda ya yanke, sai ya karkato da kunnensa wajen sifikar yana jira. Na ce masa iyakarsa ke nan. Ya ce in sake. Mun sake sau tara, kuma duk sau taran sai ya karkato a daidai wurin.

Bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba, don ban ga bakin roƙo ba. Da zan tashi ya ce in nuna masa inda zai danna da kansa, kada ya riƙa jiran kowa. Kalmar nan ta "kowa" ta shige ni. Na manna ɗan guntun salatif a kan maɓallin don yatsansa ya riƙa ganewa, na kama hannunsa na ɗora a kai. Ya gwada sau biyu ya iya. Yanzu haka da nake rubutun nan ina jiyo Mama daga falo tana tambayar wa ya sha mata ruwa.

Ranar Litinin zan sake gina rumbunan tasha daga farko. Na roƙi a ba ni mutum na biyu da zai riƙa karanta duk umarnin da na rubuta kafin in danna, an yarda. Guntun Mama kuwa na yi masa kwafi huɗu a wurare huɗu. Ɗaya yana kan ɗan katin memori cikin ambulan ɗin nan, a naɗe cikin takarda, ki kula kada ya faɗi wajen buɗewa. Kada ki saurara a wurin aiki.

In kin sami hutu ki zo, Yaya, ko na kwana biyu ne. Yana amsa gaisuwata, yana cin abin da na dafa, amma hira ta ƙare tsakaninmu, gidan kuma ya yi mana girma mu biyu.

Ki gaida maigidanki da yara. Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta