Na Sa Ƙanena Ya Ɓallo Murjani Da Sunan Mahaifiyarmu

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Mai niyyar zagina kuma ya yi haƙuri ya kai ƙarshe, ni ma ban bar kaina ba.

Ni matar aure ce a unguwar Jekadafari. Ina da ƙane, mu ce sunansa Buba, wanda ya koyi iyo a madatsar ruwan Dadin Kowa, ya karanci harkar kifi, Allah ya ba shi aiki a wani otal na masu hannu da shuni a tsibiri, can tsakiyar teku. Aikin me? Wai shuka murjani. Ashe murjanin nan da iyayenmu ke sawa a wuya a ƙarƙashin ruwa yake tsirowa, har wai yana da rai, ɗumin teku na kashe shi. Shi ne otal ɗin suke ɗaure ƙananan rassansa a jikin ƙarfe su nutsar, Bature ya biya a liƙa sunansa, a riƙa aika masa hoto yana ganin girman abinsa kamar wanda ya kai ɗa makarantar kwana. Ku ji rashin aikin yi! Mu nan zaizayar kwari na cinye gidajen mutane duk damina, su suna can suna renon dutse.

To akwai yayar mijina, mai wani tsohon murjani na gado. Duk biki sai ta zuba shi ta hakimce tana bin wuyan mutane da kallo, in ta zo kan nawa ta taɓe baki. Na ce a raina, ni mai ƙane a gonar abin za a taɓe wa baki? Na kira Buba na ce in zai zo hutu ya ɓallo min reshe ɗaya tsaraba. Ya yi dariya ya ce, "Adda," haka yake kirana a matsayin yayarsa, "ba irin na wuya ba ne. Kuma ko yatsa ba a ɗora masa, laifi ne babba." Raina ya ɓaci, yaron da na goya zai karanta min doka. Sai na ji bakina ya ce, "Ai ba ni ke so ba, Dada ce. Ta ce ɗanta na noman murjani amma wuyanta wayam. Kunya ta hana ta faɗa maka." Na san halinmu sarai: Dada, wato mahaifiyarmu, ba ta roƙon ɗa, shi kuma ba zai taɓa tunkarar ta da zancen ba. Ya ce, "To, Adda."

Da ya zo ya miƙo min a asirce, in ba Dada. Na buɗe, wallahi na kusa amai. Wani fari fat mai huji-huji, sai ƙarni kamar kwandon 'yan kifi. Ina jan? Ina sheƙin? Duk da haka na kai wa mai sarƙa a kasuwa, ya juya shi ya ce, "Hajiya, wannan sai dai goge kaushi." Na wurga shi bayan madafi.

Hutunsa bai ƙare ba aka aika wa wata Baturiya hoton nata dutsen, ta ga reshe ya yi ɓatan dabo, ta tayar da hankalin otal kamar an sace mata jariri. Aka bugo wa Buba, shi kuma sarkin gaskiya ya amsa laifinsa, bai ambaci kowa ba. Suka ce kada ya dawo. A kan abin da bai wuce ɗan yatsa ba! Mutanen da jiragensu ke zirga-zirga a kan ruwan nan dare da rana, su ne masu tausayin teku. Amma me zan ce musu? Su dai ba su yi wa uwarsu ƙarya ba.

Yanzu yana zaune gidan Dada a unguwar Barunde, ba aiki. Bai taɓa ɗaga wa Dada murya ba, amma daga bakin ƙofa yake gaishe ta ya wuce, yaron da a da sai ta kore shi daga ɗakinta. A ganinsa kwaɗayinta ne ya kashe masa aiki, kuma ko sannu ba ta yi masa ba. Ni kuwa har godiya yake min, wai ni kaɗai na damu da shi. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ranar Juma'a Dada ta kira ni ɗaki, ta rame, ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ce babba. Bincika min abin da na yi wa yaron nan. In laifina ne, in nemi gafararsa tun ina da rai." Na ce mata to.

In na faɗa, na rasa ƙane, uwata kuma ta san da sunanta na yi sata. In na yi shiru, tsohuwar nan za ta roƙi ɗanta gafarar abin da ba ta ma san an yi ba. Jama'a, me zan yi?